Kumatun Rahima

Rahima ta rame, kuma ita ta nemi ramar da kanta. Wannan ne abin da mutanen Nguru suka kasa ganewa. A garin da idan mace ta ƙara ƙiba mijinta ake yi wa barka, wa zai yarda mutum ya zauna da hankalinsa ya zubar da rabin jikinsa? Amma haka aka yi. Likita ya auna ta ya ce suga ne, ya ce gwiwoyinta ma sun gaji da ɗaukarta. Ta bar lemon kwalba, ta bar shayi mai kauri, ta rage tuwo har ya koma rabon yaro. Kullum da safe ta taka da ƙafa zuwa firamaren da take koyarwa, masu keke suna mata hon tana ɗaga musu hannu. Cikin shekara guda da wani abu, matar da ake kira Rahima Giwa tun tana budurwa ta koma tana zagaya zani sau biyu a ƙugu.

Suga ya sauka. Tana yin sujada ta miƙe ba sai ta dafa bango ba. Duk wannan alheri ne, ta kuma sani. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne inda fata take zuwa idan nama ya tafi.

To, ba ta zuwa ko'ina. Kumatun nan da a da suke cike suna sheƙi suka zubo ƙasa. Layi biyu suka tsaga daga gefen hanci zuwa gefen baki. Ƙarƙashin haɓa wata fata ta sauko, tana reto idan ta juya kai da sauri. Shekararta arba'in da ɗaya, madubi kuwa ya ba ta sittin ba ragi.

Mutane kuma ba su iya gani su yi shiru ba. A hanya ana ce mata, “Malama, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.” Wata maƙwabciya ta shigo har tsakar gida ta tambaya cikin tausayi ko kasuwar busasshen kifin mijinta Malam Mustapha ce ta karye. A ofishin malamai, idan ta shigo hira takan mutu, kuma ta san irin ciwon da ake raɗa mata. Sai ta sayi niƙabi. Nan da nan aka shiga yabonta, wai Malama Rahima ta ƙara riƙon addini, har shugabar makaranta ta yi misali da ita a taron iyaye. Wannan yabo ya fi gulmar ba ta kunya, domin ita ta san ba don Allah ta rufe fuskar ba.

Mijinta, Malam Mustapha, mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ke ba da haushi. Duk lokacin da ta tsare shi ta ce ya dube ta da kyau, sai ya duba ya ce, “Ni ban ga komai ba.” Mutumin da yake gane kifin da ya kwana da danshi tun daga bakin buhu, wai shi ne bai ga komai ba.

Ta koma asibiti. Wata likita mai haƙuri ta zaunar da ita ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Ta ce fata takan ɗan koma da kanta, amma a hankali, kuma ba duka ba. Ta ce ta ci wake da kifi da ƙwai, ta riƙa shafa mai, ta guji rana. Ta ce a manyan birane akwai na'urar da ake ɗumama fata da ita ta ɗan ɗaure, akwai kuma allurar cike kumatu, amma sai a hannun wanda ya san aikin, kuma bayan wani lokaci sai an sake. Wanda zai ɗauke fatar gaba ɗaya, in ji ta, tiyata ce kawai. Rahima ta ji kalmar tiyata ta tattara jakarta.

Daga nan ta shiga nata. Ta shafa farin ƙwai har fuskar ta bushe ta kasa dariya. Ta goga ƙanƙara. Ta yi dilka, ta mulke da man kaɗanya tana tura fatar sama da tafin hannu kamar mai lallashin yaro ya tashi. Ta sayi wani ɗamara na roba da ake ɗaurawa daga haɓa zuwa tsakar ka. Ta koyi motsa fuska a waya. Wata rana da hantsi Malam Mustapha ya dawo ɗaukar makullin shago, ya same ta gaban madubi ta cika baki da iska, ta zaro ido, ta ɗaga haɓa sama. Ya tsaya a ƙofa, ya yi sallama a hankali, ya ɗauki makullinsa ya fita. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Duk tsawon wannan lokaci ba ta taka Gashuwa ba, ga shi kuwa mota ɗaya ce daga tasha. A can mahaifiyarta take, Iya Fanne, da ƙaninta Mu'awiya mai noman barkono a fadama. Sallah ta zo ta ce aikin makaranta. Wata Sallar ta zo ta ce Malam ba ya jin daɗi. Idan Mu'awiya ya kira ta da bidiyo don Iya ta gan ta, sai ta katse ta kira da murya, ta ɗora wa sabis laifi. A Gashuwa an san ta da cikar fuska irin ta mahaifinta, marigayi Baba Abatcha. Tun tana ƙarama ake tsokanar Iya, wadda ita siririya ce doguwa, ana cewa ko farce yarinyar nan ba ta ɗauko nata ba, ita dai ɗaukar ciki kawai ta yi. Rahima ba ta son ta shiga garin nan a dube ta a ce wace ce wannan.

Sai ga Mu'awiya ya bugo waya. Matarsa ta kusa haihuwa, an kuma duba an ce mace ce.

“Yaya, sunanki za mu sa,” ya ce. “Wannan karon ba sabis, ba makaranta. Iya ta ce ko a kan kujera ne a ɗauko ki.”

Taron suna, ga dangi, ga wayoyi, kowa zai ce mai suna ta ɗauki takwararta a yi hoto. A ɗakin mata kuwa ba a zama da niƙabi.

A nan Shuhada ta shigo labarin. Shuhada tana sayar da humra da turaren wuta da kayan gyaran jiki a bayan layinsu, kuma ba ta taɓa cewa ba ta da maganin abu ba. Ta sa Rahima ta cire niƙabi, ta ɗauke ta hoto da wayar Rahimar a bakin taga inda haske ya fi tona asiri, wai don a gwada da na baya. Sannan ta zaro wasu ƙananan ƙwayoyi farare ƙulle a leda, ba kwali ba suna.

“Anti, wannan 'yan mata ke sha kafin biki. Fuska yake fara cikawa. Kafin a haihu kin dawo yadda kike.”

Rahima malama ce, ba jahila ba. Ta san sunan da ake kiran irin ƙwayoyin nan a gari, sha-ka-fashe, ta kuma san mai suga ba ya wasa da abin da bai sani ba. Ta karɓa duk da haka, ta ɓoye a cikin gwangwanin turare inda Malam ba ya kai hannu.

Maganin ya yi aiki, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Kumatu suka taso, layukan nan biyu suka cike, fuskar ta yi zagaye tana ƙyalli. Ƙishirwa ta dawo, fitsari ya yawaita, takalminta ya fara matse ta da yamma. Ta ga duk wannan ta kau da kai. Na'urar gwada suga ma ta tura ta can ƙasan akwati. Malam Mustapha ya dube ta wata safiya ya buɗe baki, ta ce, “Ai ka ce ba ka ganin komai.” Ya rufe.

Da aka haihu, ta shirya ta tafi tun kafin ranar suna. Ta ɗaura sabuwar laffaya, ta sauka a tashar Gashuwa da ƙarfin gwiwarta. A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar maina, ta cire niƙabi. Mata suka taso. Mai jego ta leƙo ta taga tana cewa, “An ce mana kin rame kin lalace, ashe sharri ne. Ga fuska masha Allah.” Rahima ta ji wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Iya Fanne ce kaɗai ba ta ce masha Allah ba. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi Malam, ta tambayi hanya. Idonta kuwa yana tafiya daga fuskar zuwa wuyan hannun da ya zama siriri, ya koma fuskar.

Wanda bai zauna a Gashuwa ba ba zai gane wannan kallon ba. Ciwon ƙoda ya ɗauki mutane da yawa a garin nan, har tsofaffin mata sun san farkonsa ba tare da sun shiga aji ba. Iya ta yi jinyar mutum biyu. Baba Abatcha fuskarsa ce ta fara kumbura, jikinsa yana zubewa. Bayan shi babban ɗanta Ibram, shi ma haka, fuska tukuna, sannan ƙafa. Rahima tana Nguru lokacin, zuwa take yi ta koma. Iya ce ta zauna da su har ƙarshe.

Bayan azahar Iya ta kwaɓa lalle ta ce mai suna ba ta shiga taro da farar ƙafa. Ta zauna a tabarma ta ɗora ƙafar Rahima a cinyarta. Ta shafa, ta shafa, sannan ta sa babban yatsa a ƙaurin ta danna, kamar mai gwada ko mangwaro ya nuna. Ta ɗaga yatsan. Ramin ya zauna, bai tashi ba. Iya ta dube shi har ya cike a hankali, ta ɗebi lalle ta ci gaba da aikinta. Layin lallen ya karkace mata, ita da ake kawo wa amare daga wasu unguwanni.

Da yamma aka kawo abinci. Kowa ya sami shinkafa da miyar kifi, ita kuwa Rahima aka ajiye mata nata daban a ƙaramin kwano mai murfi. Ta kai loma ɗaya ta tsaya. Ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa. Ta san wannan miyar. Ita ce wadda Baba yake turewa yana cewa a kai wa akuya. Kusa da kwanon kuma ga wani ƙaramin kofin silba mai lanƙwasasshen hannu, da ruwa iya rabinsa. Da shi Iya take auna wa Baba ruwan sha, da shi ta auna wa Ibram. Rahima ta ɗauka an jefar da kofin nan tuntuni.

A nan ya kamata ta yi magana. Kalma kaɗan ce: Iya, ba ƙoda ba ce, magani na sha. Amma faɗin haka yana nufin ta ce a gaban matar da ta binne miji da ɗa, ni lafiyata ƙalau, na kumbura kaina ne don a yi min hoto. Ta dubi kofin, ta dubi bayan Iya da ke durƙushe a bakin murhu, kunya ta kama ta. Ta cinye miyar tas, ta shanye ruwan. Ƙishirwa tana cinta, ba ta nemi ƙari ba.

Washegari ma haka, da wanda ya biyo. Gida ya cika da 'yan barka, ana daka, ana dariya, Iya tana cikinsu kamar ba ta nan. Ba ta cin abinci sai ta taɓa ta ture. Sallarta ta yi tsawo. Idan Rahima ta ɗauki tsintsiya, sai ta karɓe ta ce, “Zauna, Rahimatu.” Idan ta shiga bayi ta fito, sai ta ga Iya ta bi ta da ido. Rahima kuwa kullum da safe tana juya baya ta haɗiyi ƙwayarta, tana gaya wa kanta bari dai a gama suna.

Ana gobe suna Mu'awiya ya dawo daga fadama da wuri. Ya kira ta gefe, bayan bishiyar maina inda aka ɗaure ragon suna. Bai iya kallonta ba, sai ragon yake kallo.

“Yaya, Iya ta gaya min. Don me za ki ɓoye mana?”

Bai jira ta ba, ya ci gaba.

“Na yi magana da mai mota, jibi mu wuce asibiti a Kano. Fadamar nan akwai wanda ya daɗe yana son saye, na aika masa.” Ya share fuska da hularsa. “Na kuma tambaya, an ce ɗan'uwa na jini yana iya bayar da ƙoda idan ta dace. Biyu Allah ya ba ni. Lokacin Yaya Ibram ina yaro, ban san ana yi ba.”

“Mu'awiya…”

“Iya ta ce gara da muka yi niyyar sa wa yarinyar nan sunanki. Ta ce ko ba komai za a riƙa kiransa a gidan.”

Wannan ce ta karya ta. Ta bar shi tsaye, ta shiga ɗaki ta buɗe jaka ta ɗauko ledar. Iya tana zaune a bakin gadonta tana tsince shinkafar gobe a faifai. Rahima ta durƙusa ta ajiye ledar a kan shinkafar. Mu'awiya ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta faɗa duka, kanta a ƙasa. Suga, da tafiyar ƙafa, da niƙabin da ake yabo, da Sallah biyu da ta yi ƙarya, da Shuhada. Ta ce ƙodarta ba ta taɓa ciwo ba, gwajin da aka yi mata na ƙarshe lafiya lau ya nuna. Ta ce kumburin nan saye ta yi.

Iya ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta sauke faifan a hankali, ta dafe ƙirji, ta yi ta sauke numfashi kamar wadda ta tako daga kogi da tulu. Mu'awiya ya ɗauki ledar ya fita yana kiran wani abokinsa ma'aikacin asibiti. Suna jin muryarsa daga tsakar gida. Ya dawo ya ce an ce kada ta kuskura ta daina sha lokaci ɗaya, likita ne zai riƙa rage mata, kuma a gwada suganta yau ɗin nan, ba gobe ba. Ya faɗi haka yana kallon bango, ya sake fita neman keke.

Suka rage su biyu.

“Me ya sami fuskar taki har kika yi mata haka?” Iya ta tambaya.

“Ta zube, Iya. Na tsufa lokaci ɗaya. Na zama abin kunya, ni kaina ba na son kallonta.”

“Nuna min.”

Rahima ta tuna hoton da Shuhada ta ɗauka a bakin taga. Ta lalubo shi ta miƙa wayar, ta kau da kai. Iya ta karɓa da hannu biyu, ta nisanta ta daga ido, ta matso da ita, ta juya wajen hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga hannu ɗaya ta taɓa nata kumatun, ta bi layin da ya sauko daga gefen hancinta zuwa baki, ta kama fatar ƙarƙashin haɓarta.

“Wannan ai ni ce,” ta ce.

Rahima ta ɗago. Ta dubi mahaifiyarta, irin duban da ba ta yi mata ba tun tana yarinya. Doguwar haɓa, layi biyu, kumatun da suka sauko. Fuskar da ta yi wa farin ƙwai da ƙanƙara da ɗamarar roba, wadda ta kira abin kunya yanzun nan da bakinta, ga ta zaune a bakin gado tana kallonta. Ta so ƙasa ta buɗe.

“Iya, ban nufi…”

“Shekara arba'in ana ce min ba ki ɗauko ni ba,” Iya ta ce, idonta a kan wayar. Ba fushi a muryarta, abin da ya fi ciwo ke nan. “Har na haƙura. Ashe kina nan a ciki, ƙiba ce ta rufe. Da kika fito kuma sai kika sha magani.”

Rahima ta kifa kai a gwiwar Iya ta yi kuka, kukan da babu mai rarrashi a cikinsa domin ita ta jawo. Iya ta bar ta ta yi. Can ta ɗora hannu a bayanta, hannu ɗayan yana riƙe da wayar, hoton bai mutu ba.

Daga waje Mu'awiya ya ce keke ya zo. Rahima ta miƙe ta goge fuska, ta gyara laffaya, ta kai hannu ga niƙabinta da ke rataye a ƙusa. Iya ta riga ta. Ta ninke shi ta tura ƙarƙashin filo ta zauna a kai.

“Ki ce wa Mu'awiya ya wanko min wannan hoton,” ta ce. “Idan kumburin ya sace kuma, ki zo da ƙafarki. Ina so in ga fuskar nan ido da ido kafin ki sake samo mata wani maganin.”